Ranar da Aka Ari Malfar Kawuna

Shekarun baya, lokacin da na gama kwalejin horon malamai na dawo gida Bakura ina jiran aikin da ya ƙi zuwa, wata ƙungiya ta buɗe ajin yamma don koya wa manya Turancin yau da kullum. Aka ce ana neman malami. Ni kuwa a lokacin ba ni da sana'ar da ta wuce goge rigata ɗaya tal, in zauna a bakin titi ina gyara wa mutane Turancin da ba su roƙe ni in gyara ba. Na karɓi aikin hannu bibbiyu, har ina ji a raina cewa garin ne ya yi sa'ar samuna.

Ɗalibaina duk magidanta ne, manoma da masu sayar da dabbobi da 'yan kabu-kabu. Bayan sallar La'asar muke haɗuwa a wani ajin firamare, su zazzauna a bencin yara, gwiwoyinsu na neman taɓa haɓa. A cikinsu akwai kawuna, yayan mahaifiyata, wanda a hannunsa na yi wayo. Manomin albasa ne a filayen Bakolori, dattijo mai furfura, marar yawan magana. Ba ka ganinsa ba tare da malfarsa ba, wata tsohuwar malfa da rana ta cinye ta har ta koma ruwan ƙasa, an ɗinke gefenta da zaren buhu. Ko daga nesa ka hango malfar nan a cikin gona ka san wanda ke ƙarƙashinta.

Ranar da ya fara shigowa ajin sai da na ji kunya ta kama ni. Na bi shi waje bayan an tashi, na tambaye shi abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Mutanen kudu masu sayen albasa ka kirana ga waya. Albasa tawa ta, wahala tawa ta, waya tawa ta. Amma in sunka kira, sai in tashi ina yawo ina biɗar mai ara min baki. Wanga abu ya ishe ni."

Na ce, "To Kawu, ai sai mu fara daga farko, daga baƙaƙe."

Ya girgiza kai. "Ba ni son dogon Turanci, ba gwamna za ni zama ba. Koya min yaushe mota ka zuwa, kwana nawa za ta yi ga hanya. Shi ke nan."

Maganarsa ce ta sa na ajiye littafin da ƙungiyar ta ba ni, mai cike da labarin wani yaro da karensa. Na lura dukansu sun san ƙirga da Turanci, kasuwa ta riga ta koya musu. Abin da ke kayar da su shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan da ake sakawa kafin lamba. Sai muka duƙufa a kansu. Na ce musu idan mutum ya ce "at six", to ƙarfe shida yake nufi daidai. Idan ya ce "by six", kada ka bari shida ta wuce, ko da ka riga ta babu laifi. "In two days" nan da kwana biyu ke nan, "for two days" kuwa abin zai ɗauki tsawon kwana biyu. Da muka zo kan "in twos" na fito da su fili na sa suka jeru bibbiyu, dattawa da gemunansu, suna dariya kamar 'yan firamare. Wani mai sayar da awaki ya rantse cewa Bature don mugunta ya ƙirƙiro waɗannan kalmomin.

Kawu ne ya raba gardamar. Ya ce shi ya gane su, kamar ƙofar ruwa suke a bakin kwalbatin gona: ƙarfe ne ɗan ƙarami, amma shi ke cewa ruwa ya bi nan ko ya bi can. Daga ranar na daina wahalar da kaina da dogon bayani, duk wanda ya rikice sai in ce masa ya duba ƙofar ruwan.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kawu haziƙi ne ba. A ajin nan kaf babu mai jinkirinsa. Kafin ya fitar da jimla ɗaya sai ya rufe ido, ya motsa leɓe, ya ƙirga a yatsu. "Six" kuwa har abada "sikis" ce a bakinsa. Amma bai taɓa fashi ba, ko ranar da layin ban-ruwa ya zo kan gonarsa, sai ya zo da laka a ƙafa ya zauna a bencinsa.

Abin da ya sha a gari kuwa Allah kaɗai Ya sani. 'Yan majalisarsu da ke zama a gindin bishiyar bedi kusa da kasuwa suka sa masa suna ɗan aji ɗaya. Shugaban tsokanar shi ne taubashinsa, wanda dama wasa ya halatta masa faɗin abin da ya ga dama. Da zarar ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Ɗan makaranta, an ba ka kuɗin tara yau? Kak ka makara malam ya buge ka!" Kawu sai ya wuce abinsa. Ni ne nake hasala a madadinsa, shi kuwa sai ya ce mini, "Bar su, akwai rana."

Wata safiya na kai masa saƙon mahaifiyata gona, muna tsaye a bakin kunya wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya dube ni, na miƙa hannu kamar yadda aka saba. Sai ya juya mini baya ya kara ta a kunne. Na ji shi yana cewa, a hankali kamar mai taka ƙaya, "In two days? By sikis? Okay. Okay." Da ya kashe, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya cire malfar yana fifita da ita, yana wata irin dariya da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce, "Ɗana, ka ji hwa? Ni da bakina." Ranar na koma gida ina tafiya kamar ni na gina dam ɗin Bakolori.

Da zangon ya zo ƙarshe aka aiko mana cewa za a yi bikin rufewa a Talata Mafara. Za a haɗa ajinmu da na Mafara da na Maradun, kuma manyan baƙi masu ɗaukar nauyin shirin za su zo daga nesa. Kowane aji zai fitar da ɗalibi ɗaya ya nuna abin da ya koya. Mu aka ba mu wasan waya, manomi yana magana da mai sayen kaya. Ban ma buɗe baki ba 'yan ajin suka ce kawu. Ya yi ta nonnoƙewa, amma na ga yadda idonsa ya yi haske.

Tun daga ranar gidan bai huta ba. Mahaifiyata ta ce mini, "Mi kab ba Yaya ya sha? An ce har albasa shika yi ma Turanci cikin gona." Ya ɗinka sabuwar riga fara. Abin da ya fi ba ni mamaki, da ƙafarsa ya je gindin bedin nan ya gayyaci 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa taubashinsa wurin zamansa na gaba a mota. Ranar da yake ta cewa akwai ta, ita ce ta zo.

Muka cika bas muka nufi Mafara. Kawu ya sa sabuwar rigarsa da hula, ya ɗora malfar a kai, don ni na ce masa ya zo da ita tunda manomi zai fito a wasan. Duk hanya leɓensa na motsi.

Da muka isa, jami'in da ke kula da shirin ya ce a kawo masa masu fitowa bayan ɗakin taro ya saurare su. Mutumin nan tunda muka fara karatu sau ɗaya ya leƙo ajinmu, shi ma bai kashe mashin ɗinsa ba. Kawu ya tsaya a gabansa, ya rufe ido, ya fara. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma a hankali yake tafiya kamar kullum. Jami'in ya yi murmushi, ya ce madalla, sannan ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari. Amma baƙin ga daga nesa sunka taho, kuma abin da sunka gani shi za su kai gaba. In tsohon ga ya tsaya yana i'ina, sai su ce ba mu yi aikin komi ba. Na taho da yaro wanda za ya yi muna wasan."

Ya nuna mini wani saurayi da ke jingine da bango yana latsa waya. Ƙanen matar jami'in ne, ya gama sakandare, bai taɓa taka ajinmu ba.

Na ce, "Ban gane ba. Wanga ɗalibin wa na?"

Ya ce, "Yau ɗalibinka na. Haka a ka yi ko'ina, kai na baƙo ga aikin."

Abokina, malamin ajin Maradun, yana tsaye kusa. Ya matso ya raɗa mini cewa shi ma an canza masa nasa, na Mafara ma haka, in yi haƙuri kawai. Wato aron ɗalibai ake yi ranar baƙi, kamar yadda ake aron kujeru da tabarmi. Kowa ya sani, kowa ya saba, ni kaɗai ne sakaran da ya ɗauka bikin ɗalibai na ɗalibai ne.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Duk Turancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni, da Hausa tsagwaronta na dinga zazzaga wa jami'in. Na ce dattijon nan ya bar gonarsa yana zama a bencin yara, an yi masa dariya a kasuwa, ya gayyato mutanensa, sannan yau a ce bai isa a nuna shi ba? Idan jinkirinsa abin kunya ne, ai don masu jinkirin aka buɗe ajin. Muryata ta hau har kawu ya jiyo ya taho.

Ya ce, "Mi ya hwaru?"

Kafin in yi magana jami'in ya rusuna har ƙasa. Ya gaishe shi doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da iyali da gona da ruwa. Sannan ya ce, "Baba, mun duba mun gani girmanka ya wuce a tsai da kai gaban jama'a kana wasa awa yaro. Ka zamna cikin manya ka huta, ga ɗanka nan ya wakilce ka." Ban taɓa ganin an yi wa mutum wulaƙanci da ladabi irin na ranar ba.

Kawu ba yaro ba ne, ya gane sarai. Ya dubi saurayin, ya dube ni, ya ce, "To, ba komi."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Jami'in ya ƙare wa saurayin kallo, ya ga kansa ya sha aski da mai, ko kusa bai yi kama da wanda ya taɓa riƙe fartanya ba. Sai idonsa ya sauka a kan kawu. Ya sake rusunawa ya ce, "Baba, ko za a ara muna malhwar ga? Yanzu a maido ma."

Har yau idan na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Kawu ya sa hannu biyu ya cire ta ya miƙa.

Na juya zan shiga ɗakin taron, na rantse sai na tsaya gaban baƙin nan na faɗa musu gaskiya. Kawu ya damƙe mini wuyan hannu, hannun manomi, ko motsi na kasa.

Ya ce, "Kak ka tona muna asiri gaban baƙi. In dai ni nar riƙe ka, wuce ka zamna."

Na wuce na zauna. A wurinmu idan wanda ya raine ka ya ce zauna, magana ta ƙare. Kuma jami'in ya san haka. Ya san dattijo ba zai yi gardama a gaban baƙo ba, ya san ɗa ba zai tsallake maganar kawunsa ba. Da kunyarmu da tarbiyyarmu ya ɗaure mu, wannan shi ya fi komai ƙona mini rai.

Aka fara biki. Mai gabatarwa ya ce ga wani manomi daga Bakura wanda watannin baya ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Saurayin ya fito da malfar kawu, ta yi masa yawa tana rufe masa ido. Ya kara waya a kunne ya dinga zuba Turanci kamar rediyo, ko ɗaya daga cikin abin da muka koya a aji babu a ciki. Baƙi suka tafa, suka miƙe suna ɗaukar hoto, wata a cikinsu har da share ƙwalla. Ni kuwa kawu nake kallo. Yana zaune a layin baya cikin farar rigarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, kuma leɓensa na motsi. Nasa wasan yake yi shi kaɗai.

'Yan majalisa suna ta waige-waige. Sun san malfar, ba su san kan ba.

Da aka tashi na je na cire malfar daga kan saurayin. Shi ma dai ban ga laifinsa sosai ba, sa shi aka yi. Tana ta ƙamshin man gashi. Jami'in ya tare ni yana fara'a, wai na ga yadda abu ya yi kyau? Na ce masa ya nemi wani malamin, tunda ya iya aron ɗalibi ba zai rasa aron malami ba. Ya ce na cika zafin kai, shi ya sa har yanzu ban samu aiki ba. Wannan kam ta shige ni, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

A bas muna komawa kowa ya yi tsit. Can sai taubashin kawu ya kasa haƙuri, ya juyo daga gaba ya ce, "Ashe malhwar taka ta ka jin Turanci, ba kai ba!" Mota ta ɗauki dariya. Ya juyo sosai don ya ƙara wata, sai ya ga fuskar kawu. Ya mayar da kansa gaba, har muka iso Bakura bai sake juyowa ba. Tun daga ranar bai ƙara kiransa ɗan makaranta ba, kuma ina jin shirun nan ya fi tsokanar yi wa kawu ciwo.

Mahaifiyata da ta ji labari ta ajiye abin da take yi ta ce, "Yaya anka yi ma haka? Kai kana ina?" Na ce ina nan, shi ya hana ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah Ya isa, ta shige ɗaki.

Washegari na kai masa malfar. Yana zaune a zaure. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya miƙe ya rataye ta a ƙusa.

Ya ce, "Bar ta nan. Ta yi aikinta."

Ranar kasuwa ya sayi sabuwa. Na yi ta binsa ina cewa mu ci gaba da karatu a gida, ni da shi kawai, babu ƙungiya babu kowa. Kullum amsarsa ɗaya ce, aikin gona ya yi yawa. Sauran 'yan ajin ma suka watse, suka ce idan an yi wa dattijo haka, su me za a yi musu?

Da lokacin cire albasa ya yi na je taya shi. Muna cikin ɗura buhuna wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ta ya duba, na gane mutumin kudu ne. Na tsaya cak ina jira ya juya mini baya kamar wancan karon. Ya daɗe yana kallonta tana ƙara, sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Amshi, Malam. Ku ad da Turanci."

Na karɓa na yi magana da mutumin. Muryarsa na fitowa da ƙarfi, kawu na tsaye yana ɗaure bakin buhu. Da na kashe na buɗe baki zan fassara masa, sai ya riga ni, ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Na jiya. Nan da kwana ukku, kada shida ta wuce."

Haka muka ci gaba har Allah Ya karɓi abinsa. Idan an kira shi, ya nemi mai amsa masa, ya tsaya a gefe yana jin komai.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta, kuma na ga abin nan ya fi a ƙirga. Da an ce baƙi za su zo sai a fara ɓoye masu rauni a layin baya, a jera masu baki a gaba, wani lokacin har daga wani aji ake ɗebo su. Sai ka ji ana cewa ai don a fita kunya ne. Kunyar wa? Wanda aka ɓoye shi ma yana da fuska, kuma da ita zai koma gida. Ni dai duk ranar da aka ce in fitar da ɗalibi, mai jinkirin nan da ya fi kowa wahala nake tsayarwa, in bar shi ya rufe ido ya ƙirga a yatsunsa har ya gama. Ana ce mini mai taurin kai, na kuma amsa sunan.

Mutane sukan ce mini abu ya wuce, in manta. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata, amma wannan har gobe idan na rubuta "by six" a allo sai na ji raina ya tashi. Mutumin nan ya koya, ya iya, na ji da kunnena. Abu biyu suka karɓa a hannunsa a bayan ɗakin taron nan, malfarsa da bakinsa. Malfar kaɗai na iya karɓo masa.